Amanar Saƙo: Tsokaci A Kan Gina Manhajar Hira Ta Nan-take

Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da masu koyon ginin manhaja suka fi ɗokin gwadawa babu kamar manhajar hira ta nan-take, watau irin wadda mutum zai rubuta magana a wayarsa, kafin ya ɗauke yatsa ta bayyana a wayar abokinsa. Dalilin wannan ɗoki kuwa a fili yake. Aikin yana da ban sha'awa, sa'an nan da irin kayan aikin da ake da su yanzu, ɗalibi mai ƙwazo yana iya zama bayan la'asar, kafin dare ya raba ya buɗe taga biyu a kwamfutarsa, ya rubuta sallama a wannan ta fito a waccan. Daga nan sai ya kira abokai su zo su gani, a yi tafi, a ce an gama.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa daidai wurin da ake cewa an gama, a nan ne aikin ya soma. Ra'ayin da za a kare ya kasu kashi uku. Na farko, ma'aunin manhajar hira shi ne abin da take yi da saƙo a lokacin da layi ya yanke. Na biyu, ƙaramin magini, ko ɗalibi ne ko ƙaramin kamfani, ya fi dacewa ya ɗora aikinsa a kan ɗaya daga cikin tsare-tsaren ginin manhaja da ke aiki a ɓangaren uwar garke. Na uku, wanda duk ya bi wannan hanya ya ɗauki amanar asirin mutane, kuma wajibi ne ya gaya musu gaskiyar iyakacin abin da zai iya ɓoye musu.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a yi nisa ya kamata a share fage da kalmomi biyu. Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke zaune a wuri guda, dare da rana ba ta barci, wadda wayoyi da ƙananan kwamfutoci ke tuntuɓa don karɓar bayani ko ajiye shi. Idan Audu ya aika wa Binta saƙo, saƙon ba ya tashi daga wayarsa ya faɗa tata kai tsaye. Sai ya biya ta uwar garke, ita kuma ta miƙa.

Kalma ta biyu ita ce tsaiko. Mai ginin ɗakin ciyawa ba ya fara baibaya sai ya haɗa tsaiko, watau ƙwarangwal ɗin itatuwan da jinka za ta zauna a kai. To, haka masana suka shirya wa magina manhaja tsaiko iri iri, wanda ya riga ya ƙunshi hanyar yin rajistar mutane, da tantance kalmar sirri, da magana da rumbun adana bayanai, da tsare ƙofofin da ɓarayi suka saba bi. Daga cikin fitattu akwai Ruby on Rails wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004. Da Django na harshen Python, wanda aka ƙirƙira a ofishin wata jarida da ke garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga jama'a a 2005. Da Laravel na harshen PHP wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011. Da kuma Phoenix na harshen Elixir wanda Chris McCord ya assasa. Duk inda aka ce tsaiko a wannan maƙala, irin waɗannan ake nufi.

Waiwaye Adon Tafiya

Hira ta kwamfuta ta girmi shafukan intanet. Tun a 1973 aka yi Talkomatic a kan na'urar PLATO ta Jami'ar Illinois, inda masu hira ke ganin rubutun junansu harafi bayan harafi. A 1988 kuma Jarkko Oikarinen na Jami'ar Oulu a ƙasar Finlan ya ƙirƙiro IRC, wanda ya haɗa mutanen ƙasashe dabam dabam a zauruka na hira. Amma da Tim Berners-Lee ya tsara ƙa'idar HTTP a cibiyar CERN tsakanin 1989 da 1991, tunaninsa yana kan karanta takardu ne. Saboda haka ƙa'idar ta zo da hali guda: mai karatu ya tambaya, uwar garke ta amsa, a rufe magana. Uwar garke ba ta da ikon fara magana da kanta, ko da kuwa tana riƙe da saƙon gaggawa.

Dabarar farko da magina suka yi don kauce wa wannan ita ce leƙe-leƙe, watau waya ta riƙa tambayar uwar garke a kai a kai ko akwai sabon saƙo, tamkar yaron da aka aika ya duba ko baƙo ya iso, yana zuwa yana dawowa. Lissafi kaɗan zai nuna nauyin abin. Idan mutum 1,000 suna kan layi, kowace waya tana tambaya bayan daƙiƙa 3, uwar garke za ta amsa tambaya 20,000 a minti guda, watau 1,200,000 a awa guda, mafi yawansu kuwa amsar ita ce babu. Daga baya aka gyara dabarar, ya zamana uwar garke tana riƙe tambayar ba ta amsawa sai saƙo ya zo. Wannan ya rage ɓarna, amma bai kawar da ita ba.

A watan Disamba na 2011 ne hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta tabbatar da WebSocket a takardarta mai lamba 6455. Yadda yake aiki shi ne, waya takan fara da tambayar HTTP ta yau da kullum, amma ta nemi a sauya salon magana. Idan uwar garke ta yarda sai ta amsa da lamba 101, daga nan layin ya zauna a buɗe, kowane ɓangare ya yi magana duk lokacin da ya ga dama. Kan kowane saƙo a wannan layi bai wuce bayit 2 zuwa 14 ba, alhali kan tambayar HTTP yakan kai ɗaruruwa. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ba a daɗe ba tsaikuna suka karɓi sabuwar hanyar: Rails ya zo da Action Cable a fitowarsa ta 5 a 2016, a shekarar ce kuma Django ya rungumi Channels na Andrew Godwin a hukumance, Laravel kuwa ya fitar da Reverb a 2024.

Inda Gizo Ke Saƙar

Wannan sauƙi da aka samu shi ne kuma ya haifar da ruɗi. Layin WebSocket yana tafiya ne a kan ƙa'idar TCP, wadda ke tabbatar da cewa saƙonni sun isa, kuma sun isa a jere, muddin layin yana da rai. Ɗalibin da ya gwada manhajarsa da taga biyu a kwamfuta guda bai taɓa ganin layi ya mutu ba, don haka sai ya ɗauka alkawarin ya game kowane hali. Ranar da manhajar ta fita waje kuwa, za ta haɗu da matafiyi a mota wanda sabis ke zuwar masa yana ɗaukewa, da wanda cajinsa ya ƙare yana tsakiyar rubutu, da wanda datarsa ta ƙare bai sani ba. A irin wannan hali abubuwa huɗu kan faru, kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne mutuwar layi a ɓoye. Wayar da ta fita daga sabis ba ta sallama kafin ta tafi, saboda haka uwar garke takan ci gaba da ɗaukar cewa mutumin yana nan, tana zuba masa saƙo a rijiyar da ba ta da ƙasa. Maganin wannan shi ne bugun zuciya, watau ɗan gajeren saƙon da ake aikawa lokaci lokaci don a ji ko akwai mai amsawa. Action Cable yana yin nasa duk bayan daƙiƙa 3, Phoenix kuwa duk bayan daƙiƙa 30, sai fa in magini ya sauya.

Na biyu shi ne ɓatan saƙo. Idan masu hira suka yi yawa har aka raba su tsakanin uwar garke biyu ko fiye, ana bukatar dillali a tsakiya da zai riƙa shelanta saƙo ga kowace, kuma galibi Redis ake sawa, wanda Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya ya fitar a 2009. To, shelar Redis kamar ta sanƙira ce: wanda yake wurin ya ji, wanda ba ya nan ta wuce shi, ba a maimaitawa. Masu Django Channels ma ba su ɓoye ba, sun bayyana cewa alkawarinsu shi ne saƙo zai isa sau ɗaya ko kuma ba zai isa ba sam. Mai karatu ya ƙaddara shugaban aji ya sanar cewa an dawo da jarrabawa ƙarfe 8 na safe, a daidai lokacin da layin wani ɗalibi ya yanke na rabin minti. Manhajar ba ta nuna kuskure ba, shugaban aji ya ga saƙonsa ya fita, ɗalibin kuwa ya kwana bai sani ba. Maganin wannan shi ne a fara rubuta kowane saƙo a rumbun adana bayanai, a ba shi lambar jeri, sa'an nan a shelanta. Duk wayar da ta dawo kan layi sai ta faɗi lambar ƙarshe da ta gani, a ba ta abin da ya biyo baya.

Na uku shi ne maimaituwar saƙo. Waya ta aika, uwar garke ta karɓa ta ajiye, amma amsar cewa an karɓa ta ɓace a hanya. Wayar ba ta da yadda za ta bambance tsakanin ɓatan saƙo da ɓatan amsa, don haka sai ta sake aikawa. Ɗan kasuwar da ya rubuta wa abokin cinikinsa cewa a ƙaro buhu goma, idan maganar ta fito sau biyu, yana iya wayar gari da buhu ashirin a ƙofar rumfarsa. Wannan matsala tana da tushe a ilimin lissafin kwamfuta. Tun a 1975 aka tabbatar da abin da daga baya aka sa wa suna matsalar janar biyu: sarakunan yaƙi biyu suna so su auka wa gari a lokaci guda, manzonsu kuwa sai ya ratsa ta ƙasar abokan gaba, kowace amsa tana bukatar tata amsar, kuma babu adadin manzannin da zai ba su cikakken yaƙini. Tunda haka ne, abin da ya rage shi ne a yarda waya ta yi ta maimaitawa har ta ji amsa, amma ta liƙa wa kowane saƙo lambar shaida tasa shi kaɗai, ta yadda uwar garke in ta ga lambar da ta riga ta gani za ta amsa ba tare da ta sake ajiyewa ba. Alamomin nan da masu WhatsApp suka sani, ɗaya idan saƙo ya kai uwar garke, biyu idan ya kai wayar wanda aka aika wa, shuɗaye kuma idan ya buɗe, waɗanda aka ƙaro a 2014, ba ado ba ne. Amsoshi ne na matakai uku da aka fito da su fili don mai aikawa ya san inda saƙonsa ya kwana.

Na huɗu shi ne rikicewar jeri. Agogon wayoyi ba ɗaya ba ne, wani yana gaba, wani yana baya, wani ma mai wayar ne ya saita shi da hannu. Idan aka jera saƙonni bisa agogon masu aikawa, amsa tana iya riga tambaya fitowa, ko kuma wanda aka ce wa ya zo, daga baya aka ce ya dakata, ya karanta su a juye ya kama hanya. Dole ne a sami alƙali guda da zai yanke wane saƙo ne ya riga wane, kuma babu wanda ya cancanci wannan kujera sai uwar garke.

Akwai kuma wata fitina da ke zuwa bayan an gyara layi. Idan uwar garke ta faɗi ta tashi, duk wayoyin sukan ruga su sake shiga a lokaci guda, cunkoson ya sake kayar da ita. A watan Agusta na 2007 Skype ya tsaya na kimanin kwana biyu bayan da ɗimbin kwamfutoci suka sake kunnuwa cikin ɗan lokaci sakamakon sabunta Windows, buƙatun shiga suka yi masa yawa, wani ɓoyayyen aibi da ke cikin manhajar ya bayyana. Darasin shi ne a koya wa kowace waya haƙuri: in ta gwada ba ta samu ba ta ninka lokacin jira, ta kuma ƙara ɗan jinkirin da ya saɓa da na sauran. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Dalilin Fifita Tsaikon Uwar Garke

Idan aka dubi waɗannan magunguna za a ga duk sun taru a wuri guda. Ajiye saƙo kafin shela, ba da lambar jeri, gane saƙon da aka maimaita, sanin wane ne ke magana da kuma ko yana da izinin shiga zauren, duk ayyuka ne na uwar garke da rumbunta. Tsaiko irin Django ko Rails ya shafe kimanin shekara ashirin ana gwada shi a kan ainihin waɗannan ayyuka, dubban magina sun yi tuntuɓe a cikinsa, an cike ramukan da suka faɗa. Maginin da ya ɗora hirarsa a kai ya gaji wannan wahala ba tare da ya sha ta ba.

Misali ɗaya da ya shafi masu rubutu da Hausa zai ƙara fito da batun. Rubutun boko ba ya rabuwa da alamar nan da ke cikin 'ya'ya da Sa'adu da ma'ana. Wannan alama kuwa ita ce harshen SQL, wanda ake magana da rumbun bayanai da shi, ke amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi. Maginin da ya haɗa umarnin rumbu da hannu, yana liƙa rubutun mutane a ciki yadda ya zo, manhajarsa za ta tsaya cik ranar da Sa'adu ya zo yin rajista. Kuma ta wannan tsagar ce ɓarawo zai cusa nasa umarnin ya kwashe rumbun gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaikunan da aka ambata suna raba umarni da rubutun mutane tun daga tushe, haka kuma suna tace abin da za a nuna a shafi don kada wani ya aiko da umarni a rigar saƙo.

Haka nan batun haruffa masu ƙugiya. Ƙa'idar WebSocket ta wajabta cewa saƙon rubutu ya kasance cikin tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma a cikinsa ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowanne yana da gurbinsa na bayit 2. Wannan ci gaba ne idan aka tuna cewa a gajeren saƙon tes harafi guda mai ƙugiya yakan rage tsawon saƙo daga harafi 160 zuwa 70. Amma tilas magini ya tabbatar rumbunsa ma yana kan wannan tsari, in ba haka ba ƙasa za ta shiga lafiya ta fito da alamar tambaya a goshi. Kuma ya tanadi bincike yadda wanda ya rubuta kasa, saboda allon wayarsa ba shi da ƙugiya, zai ga sakamakon da ya haɗa da ƙasa.

Dalili na ƙarshe shi ne nauyi. Duk aikin da uwar garke ta ɗauka, an sauke shi ne daga kan waya. Waɗanda suka yi zamani da 2go, manhajar nan ta Afirka ta Kudu da ta mamaye ƙananan wayoyi a Nijeriya a wajajen 2012, za su tuna cewa abin da ya sa ta karɓu shi ne tana aiki a waya mai araha da data kaɗan. Har yanzu wanda ke son jama'a da yawa su yi amfani da abin da ya gina, da mai ƙaramar waya zai fara tunani.

Hujjojin Masu Suka

Masu saɓanin ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba za a yi adalci ba in ba a saurare su ba. Wasu kan ce Python da Ruby ba su da ƙarfin riƙe layuka masu yawa, su kafa hujja da WhatsApp wanda aka gina da harshen Erlang. Gaskiya ne. Erlang kamfanin Ericsson ne ya ƙirƙire shi a 1986 musamman don na'urorin tarho, kuma a farkon 2012 WhatsApp ya ba da labarin riƙe layi fiye da miliyan 2 a kan kwamfuta guda. A 2015 masu Phoenix, wanda shi ma a kan injin Erlang yake tafiya, sun kai miliyan 2 a gwaji. Sai dai wanda ke gina zauren hira don sashe guda na jami'a, ko ma'aikatan asibiti, ko abokan cinikin kanti, mutanensa ɗaruruwa ne ko 'yan dubbai, kuma kowane tsaiko daga cikin waɗanda aka lissafa zai ɗauke su. In kuwa yana hangen miliyoyi, Phoenix ma tsaikon uwar garke ne, saboda haka wannan suka ba ta rushe ra'ayin ba, ta dai nuna wanda za a zaɓa.

Wasu kuma kan ce me ya kawo wahala, alhali akwai kamfanonin da ke ba da hayar wannan hidima a shirye, irin Firebase da Google ya saya a 2014? Lalle haya tana da sauri, kuma ga wanda ke son ya gwada kasuwa cikin mako guda tana da amfani. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Facebook ya sayi Parse a 2013, magina da yawa suka ɗora manhajojinsu a kai, a watan Janairu na 2016 ya ba da sanarwar zai rufe shi, ya kuma rufe a Janairun 2017. Kowa ya shiga neman inda zai kai kayansa. Bugu da ƙari, kuɗin irin wannan haya da dala ake yanka shi, yana kuma ƙaruwa da yawan masu hira. Wanda ya tsara kasafinsa lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin watan Yuni na 2023, ya ga yadda ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Mai tsaikonsa ma yakan yi hayar kwamfuta, amma shi yana da ikon kwashe manhajarsa da rumbunsa ya koma wani gida, ko ma ya ɗora su a kan kwamfutar ma'aikatarsa. Duk da haka 'yancin nasa ba cikakke ba ne, domin waya takan rufe layin manhajar da ba a buɗe take ba don tattalin batir, kuma hanyar da aka saba tayar da ita ita ce ta hidimar sanarwa ta Apple ko ta Google.

Suka ta uku ita ce tunda WhatsApp yana nan kyauta, gina wani ɓata lokaci ne. Ga hirar 'yan'uwa da abokai wannan magana tana da ƙarfi. Amma ma'aikatar da ke son hirarta ta haɗu da rajistarta, ta san wane ne ɗalibi wane ne malami, ta kuma adana abin da aka tattauna a inda take da iko da shi, ba za ta sami wannan a gidan wani ba. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa 6, duk wanda ya rataya aikinsa a kansu sai ya naɗe hannu ya jira.

Asirin Masu Hira

Suka mafi nauyi ita ce ta huɗu, kuma a nan dole mai goyon bayan tsaiko ya sunkuyar da kai. Uwar garken da ke ajiye saƙo a rumbu tana iya karanta shi. Kullin da ake yi wa layi tsakanin waya da uwar garke yana kare saƙo ne daga masu leƙe a hanya, da ya iso gida kuwa a buɗe yake ga duk mai riƙe da mabuɗin rumbu, ko magini ne, ko ma'aikacinsa, ko ɓarawon da ya sace kalmar sirrinsa. Wannan ya bambanta da kulli daga waya zuwa waya, irin wanda WhatsApp ya kammala sa wa dukan masu amfani da shi a watan Afrilu na 2016 ta hanyar ƙa'idar Signal, inda kamfanin da kansa ba ya iya karanta abin da ke cikin saƙon.

Abin da ya kamaci magini a nan abu uku ne. Ya faɗa wa mutane tun a ƙofar shiga, cikin harshen da suke ji, cewa masu kula da manhajar suna iya ganin saƙonni. Ya taƙaita abin da yake ajiyewa da tsawon lokacin da yake ajiye shi, domin abin da ba a ajiye ba ba a iya sace shi. Idan kuwa hirar ta shafi abin da tonuwarsa za ta cutar, kamar ta likita da majinyaci, to kada ya kuskura ya ƙirƙiro nasa salon kulli. Ya nemi wanda masana suka daɗe suna tankaɗewa da rairaya, irin na Signal ko na Matrix. Wannan ma yanzu ya wuce batun kirki kawai, domin a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta ɗora alhaki a kan duk mai tattara bayanan mutane, ta kuma kafa hukumar da za ta bi kadi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa fitar da saƙo a taga ta biyu shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin, kuma tsaiko ya riga ya yi wa magini rabinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar saƙon bai ɓace ba, bai ninku ba, bai tsallake layi ba, kuma bai faɗa idon wanda ba a yi dominsa ba. Saboda haka shawara ga malaman da ke duba irin wannan aiki ita ce, ranar gwaji kada su tsaya ga kallon saurin saƙo. Su sa ɗalibi ya kashe datar waya guda, a aika mata saƙo biyar, sa'an nan a kunna a ƙirga abin da ya iso da yadda ya jeru. Su kashe uwar garke ana tsakiyar hira su tayar da ita. Su yi rajista da sunan Sa'adu, su rubuta ƙasa su nemo ta. Daga ƙarshe su tambaye shi wane ne ke iya karanta rumbun, kuma ko masu hira sun san da haka. Ɗalibai kuma su riƙa yi wa kansu wannan jarrabawa tun aikin yana ɗanye, domin ba a fafe gora ranar tafiya.